Fam 29,970: Yadda Tafiyar Wata Ungozoma Zuwa Ingila Ta Kasance

Muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, ana tsintar shinkafa, saƙon ya shigo wayarta. A farkon Oktoba 2024 ne. Ɗiyar yayana ce, ungozoma, shekararta bakwai tana karɓar haihuwa a wani asibitin jiha. Ta miƙo mini wayar hannunta yana rawa, ta ce, "Gwaggo, duba mini, ko idona ne." Wani asibitin gwamnati ne a arewacin Ingila ya ba ta aiki, albashi fam 29,970 a shekara. Ban gama karantawa ba ƙaninta ya riga ya buga lissafi: fam ɗaya a lokacin ya haura naira 2,000, wato sama da naira miliyan 60 ke nan. Gida ya kaure da guɗa. Albashinta na jiha kuwa, in aka mayar da shi fam, bai kai 100 a wata ba.

Ni ma ungozoma ce kafin in ajiye aiki, kuma ni na riƙe hannunta na kai ta makarantar. Shi ya sa duk takardar da ta cike sai da ta biyo ta gabana. Na rubuta wannan da izininta, na ɓoye sunanta da na wuraren aikinta, saboda 'yan mata da yawa suna zuwa wurina da tambaya ɗaya, kuma yawancinsu naira miliyan 60 ɗin nan kawai suka ji.

Dillalin da ya fara zuwa

Tun a 2022 ta fara maganar tafiya. Abin da ya tunzura ta wani dare ne da ta kwana ita kaɗai a ɗakin haihuwa da mata biyar masu naƙuda, wuta ta ɗauke, ta yi wa wata ɗinkin ƙari da fitilar waya a bakinta. Da safe ta zo ta ce mini, "Gwaggo, na gaji." Ban yi mata faɗa ba, don na san irin wannan daren.

Wanda ya fara amsa mata wani dillali ne da wata ƙawarta ta haɗa su. Ya ce yana da takardar ɗaukar nauyi a hannu, wadda suke kira CoS, ta kawo miliyoyin naira ya ba ta. Sai dai ba aikin ungozoma ba ne, na kula da tsofaffi ne. Ya ce ta fara shiga tukun, in ta zauna sai ta gyara takardunta ta koma sana'arta. Mijinta har ya fara cigiyar mai sayen filinsa.

Na hana, kuma har yau ina gode wa Allah da suka ji maganata. Takardar ɗaukar nauyi ba haja ba ce da ake ajiyewa a kanti. Lamba ce da ma'aikatar da ke da lasisi daga ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya take fitarwa da sunan mutum ɗaya, don aiki ɗaya, a kan albashi sananne, kuma mai ɗaukar aikin ne ke biyan kuɗinta. Duk wanda ya ce ki biya shi ya ba ki ita, ko dai ta bogi ce, ko kuma aikin da ke bayanta babu shi. Abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. Gwamnatin Birtaniya da kanta ta bayyana cewa tsakanin Yuli 2022 da Disamba 2024 ta soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi sama da 470, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. Daga 11 ga Maris 2024 aka hana masu shiga ta wannan aiki tafiya da miji ko 'ya'ya, a Yuli 2025 kuma aka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Da an sayar da filin nan, da yanzu ba fili, ba tabbacin aiki, ba hanyar kai yara.

Hanyar da ta bi

Hanyar gaskiya doguwa ce, kuma ba a ofishin biza take farawa ba. Tana farawa ne da hukumar NMC, wadda ke rajistar nas-nas da ungozomomi a Birtaniya. Sai sun yarda da takardun karatunki kafin wani asibiti ya kalle ki.

Turanci ne ya fi ba ta wahala, abin da ba mu zata ba. A jarrabawar IELTS ana son maki 7 a karatu da saurare da magana, 6.5 a rubutu. Sau biyu tana tsayawa a 6 a rubutu, kuma kowane zama sabon kuɗi ne. Daga baya ta koma OET, wadda aka tsara don ma'aikatan lafiya, inda rubutun wasiƙar tura majinyaci ce, abin da hannunta ya saba da shi. Nan ta samu abin da ake nema a tsakiyar 2023. Wata takwas tana karatu bayan ta sauko daga duti, yara suna barci, tana saurare da abin kunne har ta ɓingire a kan tabarma.

Kuɗin NMC na lokacin a bayyane suke: fam 140 na duba takardun karatu, 83 na jarrabawar kwamfuta mai suna CBT, 794 na jarrabawar gwaji da hannu mai suna OSCE wadda sai a can ake yin ta, da 153 na shiga rajista. Jimla fam 1,170. Ita ta biya na farko biyun daga adashinta da kuɗin wani ɗankunne da ta sayar.

A nan sa'a ta taimake ta sau biyu. A 2023 NMC ta gano alamun maguɗi a wata cibiyar CBT da ke Ibadan, ta soke sakamakon duk wanda ya zauna a can, kusan mutum 2,000, har da waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ita a wata cibiyar ta yi nata. Na biyu kuma shi ne tantancewa daga gida. Dole hukumar nas-nas da ungozomomi ta Najeriya ta tabbatar wa NMC cewa lasisinki na gaske ne. Nata ya wuce kafin ƙarshen 2023. A Fabrairu 2024 hukumar ta fito da sababbin sharuɗɗa, ciki har da cewa sai mutum ya yi aikin shekara biyu bayan samun lasisi, nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, shafin tantancewa ya zauna a rufe har Satumba 2024. A lokacin ne magatakardan hukumar, Faruk Abubakar, ya ce nas-nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Ƙawayenta biyu da suka makara da 'yan makonni, sakamakon Turancinsu ya yi ta cin kwanakinsa suna jira, don shekara biyu kawai yake yi ya mutu.

Me ya sa babu wanda ya zo neman ta

Akwai abin da ya ɗaure mata kai. Tana ganin 'yan Indiya da Filifin suna ba da labarin yadda asibitoci suka je har ƙasarsu suka ɗebe su rukuni-rukuni, ita kuwa shiru. Dalilin shi ne jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2023, na ƙasashe 55 da ƙarancin ma'aikatan lafiyarsu ya kai matakin da bai kamata a je ana farautar su ba. Najeriya na ciki, haka Nijar da Gana da Kamaru da Cadi da Sudan. Ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta da kamfanonin ɗaukar ma'aikata zuwa tallar aiki a waɗannan ƙasashe. Abin da ba ta hana ba shi ne mutum ya nema da kansa, kai tsaye, a shafin tallar ayyukan NHS, wato hukumar asibitocin gwamnatin Birtaniya. To duk wanda ya kira kansa wakilin wani asibitin Ingila a Kano ko Kaduna, daga nan ma ya nuna ko shi wane ne.

Wata goma ta yi tana aika takardar neman aiki. Ta daina ƙirgawa bayan ta wuce arba'in. Guraben ungozoma masu ɗaukar nauyi ba su kai na nas yawa ba, kuma zuwa 2024 asibitoci sun fara tsuke bakin aljihu, har waɗanda suka gama karatu a can suna kukan rashin gurbi. Wasu da ke da lasisi biyu sukan haƙura su shiga a matsayin nas. Ita ungozoma ce zalla, mai karatun shekara uku, ba ta da wannan ƙofar. Ganawa uku ta samu ta bidiyo, ta ukun ce ta kama. Ranar sai da muka ari janareto daga maƙwabta, muka kora yara gidan kakarsu.

Bizar kanta ba ta yi wuya ba. Ita ce ta ma'aikatan lafiya da aka ɓullo da ita a Agusta 2020: fam 284 a lokacin na shekara uku, kuma an ɗauke mata harajin lafiyar da sauran baƙi ke biya duk shekara. Ta je Abuja gwajin tarin fuka, ta kawo takardar 'yan sanda. Sharaɗin nuna fam 1,270 a asusu kuma asibitin ya sa hannu cewa ya ɗauke mata. Shi ya biya tikitin jirgi da OSCE na farko, ya ba ta ɗaki na wata biyu.

Tasha ɗaya cikin goma

Ta sauka a ƙarshen Nuwamba, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Abin farko da ta gane shi ne fam 29,970 ɗin bai fara ba tukun. Har sai ta samu lambar rajista, ita mataimakiya ce a mataki na 4 na tsarin albashin NHS, fam 26,530 a shekara, ba ta da ikon karɓar haihuwa ita kaɗai. Agogo kuma yana tafiya: dole ta zauna OSCE cikin mako 12 da fara aiki, ta kammala rajista cikin wata takwas, kuma zama uku kawai ake ba mutum. In wa'adin ya cika ba ta ci ba, ɗaukar nauyin ya ƙare.

OSCE tashoshi goma ne, kowace da mintunanta, wasu da 'yar tsana, wasu da mai kwaikwayon majinyaciya, mai dubawa na gefe da takarda. Ta ci tara ta faɗi ɗaya, kuma wadda ta faɗi ita ce ta zubar jini bayan haihuwa. Da ta faɗa mini a waya sai da na ce ta maimaita. Yarinyar nan ta tsayar da jinin da ba ya ƙirguwa, na gan ta da idona tana yi. Ta ce, "Gwaggo, hannuna ne ya riga bakina." Tana ganin jini ta kai hannu kan mahaifa ta fara murzawa, ta duba mabiyiya, ta nemi allura, komai daidai. Abin da ba ta yi a kan lokaci ba shi ne danna ƙararrawar neman agaji da faɗin abin da take yi da babbar murya. Shekara bakwai tana aiki a wurin da in ka yi kira babu mai zuwa, jikinta ya daina ɓata lokaci a kan kira. A can kuwa kiran shi ne matakin farko, don cikin minti kaɗan likita da mai ba da maganin barci da babbar sista za su cika ɗakin. Na daɗe ina juya wannan magana a raina. Ƙwarewar da rashi ya koya mata ita ce ta kayar da ita, kuma ban ga laifin masu dubawar ba.

Ta sake zama a Fabrairu, fam 397 daga aljihunta, ta ci. A Maris 2025 lambarta ta fito, ana tsakiyar azumi.

Abin da ke shiga hannu

Mun zauna ni da ita ta bidiyo da takardar albashi, muka bi layi-layi. Fam 29,970 in aka raba 12 ya zama kusan 2,497 a wata. Fansho na NHS yana ɗaukar kashi 8.3 cikin ɗari, kusan 207. Harajin albashi kashi 20 ne a kan abin da ya haura fam 12,570 na shekara bayan an cire fansho, kusan 248 a wata. Inshorar ƙasa kashi 8, kusan 116. Abin da ya rage bai cika 1,930 ba. Ɗakinta ɗaya a gidan haya da take rabawa da wasu mata uku fam 550 ne. Ga bas, ga abinci, ga waya, ga fam 120 na sabunta rajista duk shekara a lokacin, ga rigunan sanyi da ba ta taɓa mallaka ba. Bizarta kuma ɗauke take da sharaɗin cewa ba ta da haƙƙin tallafin gwamnati, ko na haya ko na yara.

Ba na son in rage wa kuɗin daraja. Abin da take iya ajiyewa a wata ɗaya ya fi albashinta na gida na wata da watanni, kuma yana shiga ranar da aka ce zai shiga. Mako awa 37 da rabi ne, hutun shekara kwana 27 ban da ranakun hutun ƙasa takwas. Dutin dare da na Asabar ana ƙara kashi 30, Lahadi da ranar hutu kashi 60. Albashin farkon mataki na 5, inda ta hau da samun rajista, ya koma 31,049 daga Afrilu 2025, kuma ungozoma ba ta daɗewa a nan: in ta kammala lokacin horon farko, aka sa mata hannu a kan ɗinki da sa ruwa da sauransu, takan hau mataki na 6, wanda a 2025 ya fara daga 38,682. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne shekarunta bakwai ba a lissafa su ba. A ƙasan matakin aka ajiye ta, daidai da yarinyar da ta fito daga jami'a jiya.

Matsalar ita ce a gida ba wanda ya ga wannan takarda. Miliyan 60 ɗin ƙaninta ita ta zaga dangi. Kafin ta cika wata uku, kuɗin makarantar wane, aikin idon wance, gudummawar biki, jarin sana'a, duk sun hau wayarta, kuma ita ba ta iya cewa babu ba. Sai ta fara karɓar ƙarin duti a ranakun hutunta. Ranar ƙaramar Sallah, Lahadi 30 ga Maris, tana ɗakin haihuwa. Ta kira ni a lokacin shan iska, da ɗan ƙaramin hijabinta na aiki, hannun riga a naɗe zuwa gwiwar hannu kamar yadda dokar tsabta ta wurin ta tanada, tana cin dabino da biskit. Ta ce, "Ai yau Lahadi ce, Gwaggo, da ƙari." Muryarta ba ta yi mini daɗi ba. Washegari na tara iyayenta da 'yan uwanta, na karanta musu lissafin nan tun daga fansho har kuɗin bas. Yayana ya yi shiru, sannan ya ce daga yau duk mai buƙata ta wurinsa za ta biyo.

Igiyar da ke cikin ɗaukar nauyi

Da Hausa in an ce wani ya ɗauki nauyinka, alheri ake ji. A wannan tsari akwai alherin, akwai kuma igiya, kuma ita ce ba a cika faɗa wa masu shiri ba. Zamanta a ƙasar rataye yake a wuyan wannan aiki. In ta bar shi ko aka sallame ta, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samo wani mai ɗaukar nauyi ko ya tattara. In ta ga gurbi mafi kyau a wani gari, sai sabon wurin ya fitar mata da sabuwar takarda, ta sake neman biza. A kwantiraginta kuma akwai sakin layin da ya ce in ta tafi kafin shekara uku za ta mayar da wani ɓangare na abin da aka kashe mata, yana raguwa shekara-shekara. Ƙa'ida ta yarda da irin wannan matuƙar an bayyana shi tun farko kuma bai wuce kima ba. Mun karanta shi kafin ta sa hannu, amma a ranar murna ba wanda ya ji nauyinsa.

Ta ji shi ne lokacin da wata babbar sista ta sa ta a gaba, tana maimaita mata magana a gaban majinyata kamar ba ta jin Turanci, tana sake duba duk abin da ta rubuta. Abokiyar aikinta 'yar ƙasa da ta fuskanci irin haka ta nemi canji ta yi gaba. Ita sai da ta yi lissafin kwana 60 da bashin kwantiragi kafin ta buɗe baki. Na ce mata ta shiga ƙungiyar ungozomomi ta RCM, ta riƙa rubuta kowane abu da ranarsa da shaidunsa. Ta yi hakan, ta kai ƙara tare da wakiliyar ƙungiya, aka canza mata mai kula da horonta. Tsarin ya yi aiki, amma sai da ta shafe wata biyu tana kuka a ɗaki kafin ta yarda cewa yin magana ba zai kore ta daga ƙasar ba.

Ɗakin da ta bari

Ba zan ɓoye ba, raina biyu ne a kan tafiyarta. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma mun san wane yanki ne ya fi ɗaukar wannan kaya. A wurinmu ungozoma mace ba ta da madadi, don akwai magidanta da yawa da ba za su bari namiji ya duba matarsu ba. Saboda haka ne ma Birtaniyar ta ɗauki nauyin wani shiri daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, don 'yan matan karkara su samu shiga makarantun nas da ungozoma. Na koyar da irin waɗannan yara, na san wahalar da ake sha kafin a fitar da guda ɗaya. Amma ba zan iya duban idon wadda ta yi ɗinki da fitila a baki in ce mata ta zauna don kishin ƙasa ba, kuma ban yarda rufe shafin tantancewa zai riƙe kowa ba. Abin da zai riƙe su albashi ne da wuta da abokiyar duti. Na leƙa tsohon wurin aikinta da damina. Ba a kawo kowa a madadinta ba, an dai raba dutinta a kan waɗanda suka rage.

Yanzu maganar iyali ce a gabanta. Ungozoma tana da damar kai miji da 'ya'ya, amma a ƙa'ida ba a ba yara biza in ɗaya daga cikin iyayen zai zauna a gida, sai da dalili mai ƙarfi. To ko su tafi duka, ko su zauna duka. Mijin malamin makaranta ne, yana tunanin abin da zai je ya yi, kuma ɗaki ɗaya ba zai ɗauke su ba, sai gida mai ɗaki biyu da harajin gunduma da kuɗin ɗumama gida. Tana cikin wannan lissafi ne a Mayu 2025 gwamnatin Birtaniya ta fito da shawarar mayar da wa'adin samun zaman dindindin daga shekara biyar zuwa goma ga yawancin baƙi, hankalin ma'aikatan lafiya ya tashi. Ta buɗe asusu na dabam tana zuba kuɗin kama gida. Yaran suna wurin mahaifiyarta. Ƙaramar, mai shekara huɗu, takan karɓi wayar duk daren Juma'a ta tambaye ta jarirai nawa ta karɓa a wannan makon, ita kuma ta lissafa mata su ɗaya bayan ɗaya.